Jami'o'inmu da takwarorinsu na ƙetare: ta wace ƙofa ƙaramar malama za ta shiga?

Tambaya: Ni malama ce a sashen nazarin tsirrai na wata jami'a a nan Filato, ina tsakiyar digirina na uku. Kullum muna jin an sa hannu kan yarjejeniya da jami'ar ƙasa kaza, ko an shiga ƙungiyar jami'o'i kaza, amma mu da ke ƙasa ba mu ga abin da ya canza ba. Yanzu shugaban sashenmu ya ɗora mini nauyin nemo mana abokan hulɗa a waje. Da gaske akwai amfani a wannan harka? In akwai, ta ina zan fara?

Amsa: Malama, akwai amfani, mai yawa ma kuwa. Amma abin da idonki ya gane miki shi ma gaskiya ne, kuma gara mu fara da shi.

Ranar da aka danƙa mini makullin ofishin hulɗa da ƙasashen waje a wata jami'a da na yi wa aiki, abin da na fara buɗewa shi ne wata kabad ta ƙarfe da ke bayan ƙofa. Cike take da fayiloli masu bango mai sheƙi, kowanne da tutocin ƙasashe biyu a jiki, a ciki kuma hoton manya suna musabaha. Na yi kusan mako biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina aika wasiƙa ga duk sunan da na gani. Galibi shiru kake ji. Wasu suka amsa cewa wanda nake nema ya yi ritaya tun tuni, wasu kuma suka ce ba su ma san da zancen ba. Waɗanda na tarar da sauran numfashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da na duba su da kyau sai na ga abu guda ne ya haɗa su: a kowacce akwai malami a nan da malami a can waɗanda suka riga suka fara aiki tare kafin a kira shugabanni su sa hannu. Takardar ta zo ne daga baya, don ta share musu hanya wajen biza da kuɗi da izinin tafiya. Waɗanda suka mutu kuwa, takardar ce ta fara zuwa, aka zauna jiran aiki ya biyo ta, bai kuma biyo ba.

Wannan shi ne jigon duk abin da zan faɗa miki. Jami'a ba ta yin abota da jami'a. Mutane ne ke yi, a kan wata tambaya da ta hana su duka biyun barci.

Kada ki ɗauka kuma baƙon abu ne a wurinmu. A cikinsa aka haifi jami'o'inmu. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa, har zuwa 1962 da ta tsaya da ƙafarta. Nsukka ta tashi a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka. A Zariya, malaman Jami'ar Jihar Kansas sun yi shekaru suna taya gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi. Ita kanta Jami'ar Jos reshen Ibadan ce da aka dasa a 1971, sai a 1975 ta zama mai cin gashin kanta. Don haka tambayar ba ta ko a yi ko kada a yi ba ce. Tambayar ita ce wane iri, kuma wa ke riƙe da linzami.

Mutane suna cakuɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalmar haɗin gwiwa, shi ya sa ake ruɗewa. Akwai manyan ƙungiyoyi da jami'a ke biyan kuɗin shiga. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka, AAU, an kafa ta a Rabat a 1967, hedikwatarta tana Accra. Ta jami'o'in ƙasashen renon Ingila, ACU, ta fi ta tsufa nesa, tun 1913 take. ARUA, wadda aka ƙaddamar a Dakar a 2015, ta jami'o'i ce masu ƙarfin bincike, kuma Ibadan da Legas da Ife ne suka shiga daga Najeriya tun farko. Irin waɗannan kamar kasuwa suke. Kasancewar jami'arki a ciki bai sa kin sayi komai ba, sai kin tashi kin je. Amfaninsu shi ne sanarwar tallafi, da tarurruka, da damar da ba a ba wanda ba ɗan ƙungiya ba. A fanninki wadda ta fi cancanta ki sa wa ido ita ce RUFORUM, ta jami'o'in da ke koyar da noma da dangoginsa, wadda ke da ofishi a Kampala tun 2004. Ki fara tambaya ko jami'arku mamba ce, kuma ko ta biya kuɗin shekara, don na ga inda aka ƙi duba takardar malami saboda bashin da ake bin jami'arsa.

Sai kuma shirye-shiryen da ke zuwa da kuɗi da sharuɗɗa, kuma a nan ne ake ganin canji da ido. Misali mafi kusa da ke shi ne cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014. A zagayen farko Najeriya ta sami goma. Jos ta sami ta binciken magungunan tsirrai, Bayero ta sami ta noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, Zariya ta sami ta cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka da ke Galadimawa a Abuja kuma ta sami ta nazarin sinadaran ƙere-ƙere. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ba a sakin kuɗi sai an nuna aiki: ɗalibai nawa aka ɗauka, nawa ne mata, nawa ne suka zo daga wasu ƙasashen Afirka, maƙala nawa aka buga. Wannan sharaɗi na ɗaliban maƙwabta shi ya sa aka riƙa jin Faransanci a farfajiyar jami'o'inmu. Kuma in kina son ki ga inda abin zai iya kaiwa, ki dubi cibiyar Jami'ar Redeemer's da ke Ede, wadda Farfesa Christian Happi ke jagoranta. Su suka tabbatar da cutar Ebola da ta shigo Legas a 2014, kuma su ne, tare da abokan aikinsu na gida, suka fara warware ƙwayoyin halittar cutar korona a nahiyar nan a watan Maris na 2020. Ba dare ɗaya suka kai nan ba. Shekaru suka yi suna aiki da masana na Jami'ar Harvard ta Amurka, ana horar da yaranmu, ana kawo na'urori nan gida maimakon a riƙa kwasar jini ana kai wa can.

Amma misalin da na fi so ban taɓa gajiya da ba da shi ba, kuma ba ya buƙatar ki hau jirgi. Ki ɗauki hanyar Laminga wata rana da asuba ki je dajin Amurum da ke kusa da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis take. An kafa ta a farkon shekarun 2000, da haɗin hannun Jami'ar Jos, da gidauniyar Leventis, da ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, da mutanen garin da suka ba da dajin, ga kuma doguwar alaƙa da Jami'ar St Andrews ta Sikotilan. Na je can cikin hunturu, sanyin Jos na ratsa ƙashi. Gari bai gama wayewa ba amma ɗalibai sun riga sun kafa raga tsakanin duwatsu. Na tsaya ina kallon wata yarinya ta zare ɗan tsuntsu daga raga a hankali, ta sa shi a 'yar jakar yadi, ta auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, ta maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa, ta karanta wa abokin aikinta ya rubuta, sannan ta buɗe hannu ya tashi. Abokin aikin nata ba ɗan Najeriya ba ne, daga wata ƙasar Afirka ta Yamma ya zo yin digiri na biyu. Wasu tsuntsayen da suke kamawa daga Turai suke zuwa su yi rani a nan su koma. Kin ga ke nan me ya sa Bature ke buƙatar Amurum: rabin rayuwar tsuntsun da yake nazari a nan take, kuma ba shi da hanyar saninta sai ta hannun mutanenmu. A wannan dajin ne kuma ake samun wasu ƙananan tsuntsaye da ba kasafai ake ganinsu a wajen wannan yanki ba. Wato kowa ya zo da abin hannunsa. Da yawa daga waɗanda suka yi karatu a can sun tafi waje sun yi digiri na uku, sun dawo suna koyarwa, wasu a cibiyar kanta. Abin da nake kira haɗin gwiwa mai rai ke nan.

Akwai irinsa a wasu fannonin. Aikin yaƙi da cutar ƙanjamau da masana na Harvard suka fara da asibitin koyarwa na Jos a farkon shekarun 2000 ya bar ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararrun ma'aikata. Tallafin gidauniyar Carnegie ga Jami'ar Jos a wancan lokacin ya taimaka wajen kwamfuta da intanet da ɗakin karatu da ciyar da mata gaba. A arewa maso gabas kuma, aikin Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus ne ya kai ga haƙo kwalekwalen Dufuna a 1994, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000.

To, yanzu ɓangaren da ba a faɗa a wurin bikin sa hannu. Hannun da ke bayarwa shi ke sama, kuma a yawancin irin wannan hulɗa kuɗin daga can yake zuwa. In ba ki yi hattara ba sai ki wayi gari kin zama 'yar aike. Su za su tsara tambayar, su rubuta takardar neman tallafi, a turo miki shafin ƙarshe saura kwana biyu a rufe a ce ki sa hannu. Ke za ki shiga daji, ki zauna da masu maganin gargajiya, ki tattaro saiwa da sassaƙe, ki busar, ki aika. Bayan shekara biyu sai ki ga maƙala ta fito, sunanki yana tsakiya inda ba mai lura, ko ma yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya. Na ga wannan ya faru da wani ɗalibina, yaro mai ƙwazo, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin da an zauna tun farko an rubuta wa zai jagoranci wace maƙala, da ba a kai nan ba. Ba lallai mugunta ce ta kawo haka ba. Sau da yawa shirunmu ne. Muna jin nauyin baƙo, muna ganin rashin kunya ne a yi maganar suna da kuɗi tun ba a fara aiki ba. Su kuwa a wurinsu wannan magana ce ta yau da kullum, kuma sun fi girmama wanda ya yi ta.

A fanninki abin ya fi tsanani, saboda abin da kike ɗauka ba naki ba ne ke kaɗai. Tsohon da ya nuna miki yadda ake haɗa sabara da marke, gadon kakanninsa ya ba ki. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ta yi magana kan wannan: kada a ɗauki tsiro ko ilimin gargajiyar al'umma sai da yardarsu, kuma in an ci riba a raba da su. Jami'o'in Turai suna ƙarƙashin doka a kan haka, saboda haka in kin ɗauko zancen ba za su ga baƙonsa ba. Kada ganye ɗaya ya bar ƙasar nan sai da rubutacciyar takardar miƙa samfur, wadda ta faɗi me za a yi da shi, me ba za a yi ba, da abin da zai faru da ragowar. Kuma ko yaushe ki ajiye kwafin kowane samfur a ma'adanar tsirran sashenku, da lambarsa da ranar da aka tsinko shi da wurin. Su ma jami'o'in Afirka sun gaji da wannan rashin daidaito, shi ya sa a 2023 aka fitar da wata yarjejeniya ta nahiyar kan yadda ya kamata haɗin gwiwar bincike ya kasance. Ki nemo ta ki karanta, za ta ba ki bakin magana.

Sai maganar kasafi, wadda ƙananan malamai ke raina wa. Na taɓa tsayawa gaban wata firiza da aka sayo da kuɗin tallafi, sabuwa fil, an cika ta da samfur na aikin wata takwas. An ɗauke wuta ranar Juma'a, ba a dawo da ita ba sai Litinin, kuma babu ko sisi a kasafin aikin na man janareta, don wanda ya rubuta kasafin a ƙasarsu ba a ɗauke wuta. Da aka buɗe murfin, warin ne ya fara faɗa mana labari. Matashin da ya tara samfurin ya zauna a kan benci ya riƙe kai, babu wanda ya iya ce masa komai. Tun daga ranar ba na barin kasafi ya wuce ta hannuna sai na ga sola da batir, da kuɗin gyaran na'ura, da horar da ma'aikacin da zai kula da ita, da kuɗin fito da kaya daga kwastan. Ki kuma nemi a rubuta kasafin da kuɗin mai bayarwa, ba da naira ba. Waɗanda suka ƙulla aiki da naira kafin watan Yunin 2023 sun ga yadda kuɗinsu ya narke a hannu bayan an saki farashin dala.

Ki sa a ranki kuma cewa kuɗin waje ba ruwan rijiya ba ne, ruwan sama ne. A 2021 Birtaniya ta zaftare tallafin da take bai wa ƙasashe masu tasowa, ayyukan bincike da dama suka tsaya a tsakiya. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, abin ya taɓa asibitoci da cibiyoyi a nan. Namu ma muna da laifi. Yajin aikin 2022 ya ci wata takwas, kuma abokin aikinki na can ba zai iya dakatar da agogon mai ba shi kuɗi ba don an rufe jami'arku. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu kuma ya dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Wannan na ƙarshe yana ba ni takaici ƙwarai, domin waɗanda suka gudu sun rufe wa na bayansu ƙofa. Saboda duk wannan, ki auna kowace hulɗa da abin da za ta bari in kuɗi ya ƙare: mutum nawa suka koyi sabon abu, wace na'ura ce za ta ci gaba da aiki, kuma bayanan da aka tara suna hannun wa.

Akwai wata ƙofa da muke wucewa ba mu kallo, kuma ina ganin ita ta fi dacewa da ke. Da an ce ƙetare sai hankalinmu ya tafi Ingila da Amurka. Alhali ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga ta Damagaram. Kalgo da aduwa da maɗaci da kike nazari, da wannan sunan ake kiransu a can, kuma mai maganin Maraɗi zai gane tambayarki ba tare da tafinta ba. Ke kina kan tudu mai sanyi da ruwa, su suna bakin hamada. Kwatanta tsiro ɗaya a waɗannan wurare biyu kaɗai ya isa digiri. Matsalar ita ce tsarin karatunsu na Faransa ne, kuma malamansu ta hannun hukumar CAMES da ke Wagadugu ake yi musu ƙarin girma, don haka takardu kan ɗauki lokaci. Amma tun da akwai yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da shaidar karatun juna a Afirka, hanya ba a toshe take ba. Ƙari a kan haka, masu ba da tallafi da yawa yanzu sun fi son su ga ƙasashen Afirka biyu ko uku a takarda ɗaya. In kika je wa Bajamushe ke da abokiyar aiki daga Nijar ko Gana, kin je da nauyi, ba kamar wadda ta je ita kaɗai ba. Haka nan kada ki manta da TWAS, cibiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa da masanin kimiyya Abdus Salam ya assasa a Trieste ta Italiya a 1983, wadda ke tura masu bincike ƙasashe irin su Indiya da Sin da Burazil, inda ilimin magungunan tsirrai ya yi nisa.

Game da ta ina za ki fara, kada ki rubuta wa shugaban wata jami'a. Ki buɗe babin bitar ayyukan magabata na kundinki, ki fitar da sunaye biyar da kika fi ambata waɗanda ke raye kuma suna aiki. Ki karanta sabon abin da kowannensu ya buga. Sannan ki rubuta wa kowa wasiƙarsa daban, gajeriya, wadda ba ta wuce rabin shafi ba. Kada ki buɗe da roƙo, kada kuma ki cika ta da kirari. Ki ce kin karanta aikinsa a kan abu kaza, ke ma kina aiki a kan danginsa a tudun Jos, kina da samfur kaza da aka tantance, kin sami sakamako kaza, abin da ya rage miki shi ne gwajin da ba ku da na'urarsa. Ki tambaye shi ko zai so ku duba tare. Ki aika daga adireshin imel na jami'a, don ana saurin watsi da wanda ba shi ba. Cikin biyar wataƙila ɗaya ko biyu su amsa, kuma ya wadatar. Ki fara da ƙaramin abu da za a gama cikin wata shida: maƙala ɗaya, ko lacca ta intanet ga ɗalibanku, ko ya zama mai duba kundinki na biyu. A nan za ki gane halinsa, shi ma ya gane naki. Ki amsa wasiƙa a kan kari, ki cika alkawarin rana. Yawancin hulɗar da na ga ta mutu daga ɓangarenmu, rashin amsa saƙo ne ya kashe ta.

Sai aikin ya kama ƙasa sannan ki je wa shugaban sashenku da ofishin hulɗa da waje a rubuta yarjejeniya. A lokacin ma takardar tana da amfani na zahiri. Shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, alal misali, jami'ar can ce ke neman kuɗin musayar malamai da ɗalibai, ta ambaci sunan jami'arku a matsayin abokiya, saboda haka ba ki da hanyar shiga sai in akwai wanda ya san ki a can. Ki tabbata an rubuta sunan mutum ɗaya a kowane ɓangare da zai riƙe aikin, da mataimakinsa, da abin da za a yi a shekarar farko, da ranar da za a zauna a duba. Ki sanar da ofishin ma'aji da wuri, don kuɗin waje kan daɗe a hanya kafin ya iso hannun mai bincike.

Ban san yanayin gidanki ba, amma na san yawancin 'yan'uwanki mata abin da ke tsayar da su shi ne tafiyar shekara uku ko huɗu a bar yara da maigida. Akwai mafita. Tallafin Commonwealth yana da wani tsari na raba karatu, inda rajistarki ke nan gida, ki je Birtaniya wata goma sha biyu kawai, ana ma iya raba su gida biyu. Hukumar DAAD ta Jamus ita ma tana da irin wannan na duba ɗalibi tsakanin malamai biyu. Ga kuma AWARD da ke Nairobi, wadda aka kafa musamman don mata masu binciken noma, tana haɗa ƙarama da babbar da za ta riƙe hannunta. Tunda kina tsakiyar digiri, wannan ne daidai lokacin nema, domin in kin gama kin wuce wasu daga cikinsu. Commonwealth da DAAD kuma za su tambaye ki wasiƙar malamin da ya yarda ya karɓe ki a can, kin ga mun sake dawowa kan waɗannan sunaye biyar.

Ki duba fasfonki yau, in ya kusa ƙarewa ki sabunta shi tun kafin buƙata ta taso. Kafin ƙarshen mako ki fitar da sunayen, ki rubuta wasiƙar farko, ki nuna wa mai duba kundinki don kada ya ji labari a bakin wani. In kin so ki turo mini ita in duba kafin ki aika. Sannan ki shirya da ɗalibanki ku je Amurum wata Asabar, ku isa kafin ƙarfe shida, ku tafi da rigar sanyi.